Malam Mati Yasore da Makarantarsa Marar Bango

Kafin mutum na farko ya iso, Malam Mati ya riga ya zagaye wurin zaman sau biyu. Haka yake yi kowace Talata da kowace Asabar, yau shekara shida ke nan. Da an sallame sallar asuba sai ya ɗaure jarkar ruwa a bayan tsohon kekensa, ya saɓa barandami a kafaɗa, ya biya ta ƙofar mai unguwa. Ba gaisuwa kaɗai ke kai shi ba. So yake ya ji yadda ƙauyukan yamma suka kwana, ko 'yan sintiri sun ga wani abu, ko akwai hanyar da ba a bi yau. In an ce lafiya lau, sai ya hau keke ya fita bayan gari.

A can zai jingine keken ya shiga tafiya a ƙasa, kai a sunkuye. Sawu yake dubawa: na shanu ne ko na awaki, takalmin roba ne ko shatin tayar babur, na jiya ne ko na yau. Ya zunguri gindin kowane kututture da sanda saboda maciji. Ya tsaya ya lura da inda inuwa za ta koma in hantsi ya yi, don tsofaffi su zauna can. Daga ƙarshe ya zaɓi hanyar da za a bi a koma gari in wani abu ya taso, ya taka ta da ƙafarsa har inda ta ɓulle. Sai bayan nan zai shimfiɗa tabarmi, ya nemi gefe ya zauna yana jiran mutanensa.

Ni malamin makaranta ne, aiki ya kawo ni Batsari a tsakiyar shekarun nan masu tsanani. Na fara bin zaman Malam Mati ne don in ga abin da ke fitar da mutane bayan gari a lokacin da kowa ke gudun daji. Da na ga ƙafafunsa sun fara gazawa, ya ce zai ajiye aikin, sai na ga bai kamata ya koma gida shiru ba tare da an faɗa wa jama'a ko wane ne shi ba.

Mutumin Yasore ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gandun daji tsakanin Batsari da Safana kafin ya yi ritaya. Ba ya ɓoye cewa a farkon aikinsa mutum ne mai zafi. In ya kama ka da ɗanyen itace, gatarinka ya tafi ke nan. Ya ce wata rana a wajen Tsaskiya ya tsare wata tsohuwa da ɗaurin kalgo a ka, ya karɓe gatarinta, ya shiga yi mata bayani da sunayen itatuwa irin na takarda. Tsohuwar ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, kai ka san itacen nan a littafi, ni na san shi a murhu da tukunya. Ka taɓa tambayata me ya sa ban sare wancan ba?" Ya waiwaya, sai ya ga ashe kowane gindi da ta taɓa ta bar masa toho biyu ko uku masu ƙarfi. Abin da aka tura shi kwas ya koyo, ita tana yin sa tun kafin a haife shi. Ya mayar mata da gatarinta, ya rage tsawo ya ba ta haƙuri. "Daga ranar," in ji shi, "na daina shiga daji da baki a buɗe."

Sai shekarun wahala suka zo. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka, suka kore shanun noma, suka mayar da gonakin nesa wurin da ba mai taka su. Mutane suka kwararo cikin Batsari da Safana, wasu a azuzuwan makaranta, wasu a zaurukan 'yan uwa. Taki ya gagari talaka. Da yake ba mai iya zuwa nesa neman itace, sai aka faɗa wa itatuwan kusa da gari, aka bi su ɗaya bayan ɗaya har da saiwa. Damina ta zo ta tarar da ƙasa tsirara, ta kwashe ta zuwa rafi. Amma abin da ya fi damun Malam Mati shi ne abin da ya gani a fuskokin mutane. Manoman da aka haifa a gona, aka yaye su a gona, sun koma in sun hango duhuwar itatuwa sai gabansu ya faɗi. Akwai matan da suka yi shekara biyu ba su taka bayan gari ba.

Ba wata hukuma da ta ɗauke shi wannan aiki. Ya je wurin masu unguwa da limamai ya nemi izini, ya bi masu gudun hijira ɗaki ɗaki yana cewa, "Ku zo mu zauna a gindin gawon can na bakin gari, inda ake hango hasumiyar masallaci. Ba abin da zan raba muku. Zama kawai za mu yi." Mutum bakwai suka zo ranar farko, uku daga ciki sun zaci duk da haka za a raba wani abu.

Bai yi musu lacca ba. Bayan gaisuwa da addu'a ya nuna musu hanyar komawa gari, sannan ya ce su tashi biyu biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya yi taku hamsin ya kawo abu ɗaya da ya sani tun yana yaro. Suka tafi a ɗarare, suna waige. Wannan ya dawo da ganyen sabara, wancan da 'ya'yan magarya, wani da ɓawon kalgo. Malam Mati ya riƙa karɓa yana jujjuyawa kamar bai taɓa gani ba, yana tambaya, "Ku a garinku me kuke yi da wannan?"

A cikinsu akwai Larai, mutuniyar Tsaskiya wadda aka kashe mijinta a gona. Matan da ke ɗaki ɗaya da ita sun ce tun da ta zo ba ta haɗa kalma biyar a jere ba. Ita ta dawo da yaɗiya a hannu. Da layi ya zo kanta ta yi shiru, wasu suka fara motsi, wata ta buɗe baki za ta yi magana a madadinta. Malam Mati ya ɗaga hannu a hankali. Ya jira. Na tambayi waɗanda ke wurin, sun ce shirun ya yi tsawo har mutum ya ji kunya. Can Larai ta ce, "Maigidana yana son kwaɗonta da ƙuli-ƙuli." Sai ta fashe da kuka. Bai ce ta yi haƙuri ba, bai canza magana ba. Ya miƙa wa matar da ke kusa da ita moɗar ruwa, ya bari sai da ta lafa don kanta. Da ta share ido ta ci gaba, ta lissafo ganyaye goma sha ɗaya da ake ci a lokacin yunwa, da yadda ake kashe ɗacin kowanne. A wannan bazarar gidaje da yawa sun kwana da abu a ciki saboda abin da ya fito daga bakin Larai.

Na taɓa tambayarsa me yake tunani a irin wannan shirun. Ya ce, "Malam, ku a aji in yaro ya yi shiru kuna ganin darasi ya tsaya. Ni in mutum ya yi shiru a nan, na san yana kan hanya ne. Aikina in hana kowa tare masa hanyar, har da ni kaina."

Kai ne, Malam, ka gane cewa wanda aka raba da gidansa da gonarsa bai rasa iliminsa ba, wurin faɗinsa ya rasa. Kai ne ka zauna a gefen tabarma da abin da ka sani na shekara talatin da biyar, ka riƙe shi a bakinka har sai mai gona ya faɗi nasa.

Zaman ya bunƙasa. Daga bakwai aka kai talatin, aka fara matsawa gonakin kusa, ana koyon yadda ake sassabe ba tare da kashe kututture ba: a zaɓi toho biyu ko uku, a datse sauran su zama makamashi, waɗanda aka bari su tashi su riƙe ƙasa. A nan ne ya haɗu da Badaru, manomin Karare, ƙaƙƙarfan mutum mai kimanin shekara arba'in, wanda aka harbe ƙanensa a gabansa aka kore shanunsu na huɗa. Badaru ya saurari bayanin, ya miƙe tsaye ya ce, "Baba Mati, da girmanka, amma wannan magana ba ta shiga kaina ba. Waɗanda suka kashe ƙanena a bayan sabara suka laɓe. Yanzu kai kana cewa mu raini sabara?"

Da yawa sun yarda da Badaru, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Malam Mati bai kare kansa ba. Ya ce, "Gaskiyarka. Zo ka nuna mana yadda suka yi." Badaru ya je bayan wata sabara mai duhu ya tsuguna, ba wanda ya hango ko hularsa. Malam Mati ya miƙa masa barandami ya ce ya gyara ta yadda shi zai yarda ya yi noma kusa da ita. Badaru ya sare rassan ƙasa kakaf, ya bar sanda biyu tsaye, ya sake tsugunawa. Kowa na ganinsa har yatsun ƙafa. Aka daɗe ana muhawara a kai, daga ƙarshe aka tsayar da cewa a bakin hanya da kewayen gidaje ba a barin reshe ko ɗaya ƙasa da kafaɗar mutum, kuma ba a barin duhuwa ta haɗe. Har yau masu zuwa zaman suna kiran wannan dokar Badaru. Malam Mati ya ce da ni a hanyar dawowa, "Tsoron nan nasa da jini ya saye shi. Ni wane ne da zan ce ya ajiye shi a gida?"

Amma gwaji mafi girma yana gaba. Akwai wani kwari kusa da Karare da ke cin gonaki duk damina, ya riga ya haɗiye rabin gonar Badaru. An jera duwatsu, ruwa ya kwashe. Malam Mati ya san mutum ɗaya da ya iya kafa gamba da geza a irin wannan wuri har ƙasa ta tsaya: Baffa Sammani, wani dattijon makiyayi daga ɓangaren Safana. Shi ma an kore masa garkensa gaba ɗaya, ya koma zaune a gefen gari, mutanen gari na yi masa kallon zargi, na daji kuma na ganinsa a matsayin wanda ya ƙi su. Malam Mati ya kwana biyu yana juya abin a ransa. Ya san abin da zai iya faruwa. Ya faɗa wa mai unguwa, ya faɗa wa mutanensa mako guda kafin ranar, don kada kowa ya ce an yi masa ba-zata.

Duk da haka, da aka sauke tsohon daga babur da sandarsa da malafarsa, sai Badaru ya tashi ya ce, "Mi ya kawo wannan cikinmu? Su kashe mu, sannan su zo su koya mana noma?"

Baffa Sammani ya tsaya inda yake. Malam Mati ya taso ya tsaya tsakaninsu, ba ya fuskantar ko ɗaya, ya ce, "Badaru, ni na gayyato shi, ni za ka tuhuma. Ba zan ce maka ka so shi ba. Ba zan kuma kore shi ba. Wanda zai zauna ya zauna, wanda zai tafi ya tafi lafiya, tabarmarsa na nan ran Asabar."

Badaru ya tafi, mutum goma sha tara suka bi shi. Aka bar mutum goma. Malam Mati ya zuba wa baƙon ruwa. Sannan ya gudanar da zaman daga farko har ƙarshe kamar mutum ɗari ne a gabansa. Baffa Sammani ya shiga kwarin da gwiwarsa mai ciwo, ya nuna yadda ake tsaga tushen gamba a dasa shi a karkace, layi bayan layi, yadda ruwa zai rage gudu ya ajiye ƙasar da ya ɗauko. Larai ce ta fara karɓar tushe daga hannunsa.

Mako bakwai Badaru bai zo ba. Malam Mati bai aika masa kowa ba, bai kuma yi maganarsa a bayan idonsa ba. In sun haɗu a masallaci sai ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya wuce. Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ɓangaren da aka dasa gamba ya tsaya, ɗaya ɓangaren ya ƙara zaftarewa. Asabar ɗin da ta biyo baya aka ga Badaru ya zo ya zauna can nesa a kan tushen aduwa. Malam Mati ya tura masa moɗar ruwa kamar yadda ake tura wa kowa.

Bayan mako uku da dawowar Badaru abin da ake gudu ya faru. Ana tsakiyar dashe da hantsi aka jiyo ƙarar babura daga yamma, ba ɗaya ba, ba biyu ba, sai kuma harbi daga wata ruga da ke tsallaken tudu. Malam Mati bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hanyar da na nuna muku da safe. Mata gaba. Ba gudu." Aka bi ta cikin kwarin a sunkuye har aka ɓulla bayan gidajen farko. A nan ya ƙirga kawuna. Mutum ɗaya babu. Baffa Sammani yana can ƙasan kwarin inda gwiwa ta hana shi hawowa.

Malam Mati, mai shekara kusan saba'in, ya juya ya koma. Mutane na kiransa bai waiwayo ba. Bai yi nisa ba ya ji taku a bayansa, Badaru ne. Suka tarar da tsohon zaune ya jingina da bangon kwarin, yana jan carbi, ya riga ya sallama wa ƙaddara. Badaru ya tsuguna ya goya shi, Malam Mati na tallafe da ƙafar mai ciwo, suka fito. Maharan ba su biyo ta nan ba, dabbobin rugar suka kora suka yi yamma.

Da suka sauke shi a ƙofar gidan mai unguwa, Baffa Sammani ya kama hannun Badaru zai yi godiya. Badaru ya zare hannunsa, ya dubi Malam Mati ya ce, "Baba, kada ka ɗauka wani abu ne. Ban yafe wa kowa ba. Kai ne ban iya bari ka koma kai kaɗai ba."

Malam Mati ya ce, "Na ji. Hakan ma ya isa na yau."

Abin da ya yi washegari shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ya tara mutanen a gindin gawon bakin gari ya ce, "Jiya da safe na ga shatin taya a bakin kwarin. Na duba na ce na shekaranjiya ne. Na yi kuskure, don ina son a gama dashen kafin ruwa ya sake zuwa, son nan ya rufe mini ido. Da an rasa rai, a wuyana yake. Ku yafe mini." Ba wanda ya san ya ga sawun. Da ya yi shiru, har abada ba mai sani. Ya dakatar da zuwa kwarin wata biyu, ya kuma kafa sabuwar ƙa'ida: daga ranar ba shi kaɗai ke duba wuri ba, mutum uku ne, kuma in ɗaya ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, an fasa, ba tambayar dalili. Wasu sun zaci daga nan zai bari. Ran Talata kekensa na jingine a gindin gawo tun kafin rana ta fito.

Kai ne, Malam, ka nuna mana cewa jagora na iya cewa na yi kuskure a gaban mutanensa, ya kuma dawo gobe. Mai tsayawa a baya don wasu su wuce gaba, kai ne ba ka tilasta wa kowa yafiya ba, ba ka kuma yarda a kori kowa daga tabarma ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Har yanzu akwai gonakin da ba a zuwa, akwai daren da ake kwana da kunne a buɗe. Badaru da Baffa Sammani ba abokai ba ne, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma gajeriya. Amma kwarin Karare ya daina ci. Wanda ya bi gonakin da ke kewaye da Batsari zai ga kalgo da sabara da 'yan gawo tsaye tsakanin kunyoyin gero, an gyare su tsaf ana hango na bayansu. Larai na jagorantar zaman mata a Safana, Badaru na riƙe da na manoman Karare, kuma an ce ya fi Malam Mati tsanani wajen duba sawu.

Watan jiya aka yi zamansa na ƙarshe. A babur aka kawo shi, don keke ya fi ƙarfin gwiwoyinsa. Mutum sama da hamsin suka zo. Aka yi gardama mai zafi kan ko a bar magarya a tsakiyar gona ko ƙayarta ta yi yawa, Larai na ba da dama ɗaya bayan ɗaya, har aka cimma matsaya aka yi addu'a aka tashi. Sai a hanyar komawa na lura cewa tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya juyo ya tambaye shi ra'ayinsa. Abin ya sosa mini rai, na ce, "Allah gafarta Malam, yau fa sun manta da kai."

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Shekara shida nake jiran wannan ranar."

Mun gode, Malam Mati. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa gwiwoyin nan sauƙi, ya sa abin da ka dasa ya zama inuwarka ranar da ba wata inuwa. Mu kuma da muka rage, malamai da limamai da ma'aikata da duk wanda Allah ya ɗora wa tara mutane, kada mu jira sai an samu zaman lafiya sannan mu fara. Shi bai jira ba. A kowane gari akwai itace guda da ake hango gida daga gindinsa, akwai kuma mutanen da suka san abin da ba a taɓa tambayarsu ba. A nemi izini, a duba wurin da kyau, a kira su, a tambaye su, sannan a yi haƙuri a saurari amsar har ƙarshenta.